Amsa ga kocin da tauraronsa ba ya sakin ƙwallo

Koci, ka ce yaronka da ya fi kowa iya ƙwallon kwando ba ya ba da fas, kuma kana tsoron in ka matsa masa za ka dusashe shi. Ni dai na daɗe ina horar da yara, wallahi ban taɓa ganin wanda fas ya rage wa daraja ba.

Ka ba shi labarin Michael Jordan. A kakar 1986-87 kusan maki 37 yake ci duk wasa amma ƙungiyarsa Chicago Bulls ba kofi, Detroit Pistons kuma sun gano lagonsa, mutum biyu uku su yi masa taron dangi su bubbuge shi, haka suka yi ta fitar da su shekara uku a jere daga 1988 zuwa 1990. Da Phil Jackson ya zama koci a 1989 sai ya ɗauko tsarin kusurwa uku na mataimakinsa Tex Winter, mutum uku su tsaya a gefe ɗaya, ƙwallo ta riƙa yawo, kowa na motsi yana neman gurbi. Jordan fa bai so ba da farko, gani yake za a ƙwace ƙwallo daga hannunsa a ba waɗanda ba su kama ƙafarsa ba. To a 1991 suka share Pistons 4-0, a wasan ƙarshe da Lakers kuma da aka taru a kansa sai ya riƙa miƙa wa abokin wasansa John Paxson yana zurawa. Makinsa ya sauko wajen 31, duk da haka shi ne ya fi kowa ci a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ga kofi a hannu.

Amma abin da na lura a fili, yawancin yaran nan ba son kai ba ne ke damunsu, rashin yarda da abokan wasa ne. In ya ba da fas sau biyu aka zubar, shikenan ya koma gidan jiya. Don haka aikin rabi nasa ne rabi na sauran, ka tsare su su yi ta atisayen jefa ƙwallo har hannunsu ya faɗa. A tirenin ka riƙa sa su wasa ba diribil, dole ya koyi gudu babu ƙwallo a hannunsa, nan ne mafi wahala gare shi. Don Allah kar ka yi masa faɗa gaban yara, ka ja shi gefe. Kuma ka faɗa masa ƙarara in wasa ya zo ƙarshe ana neman maki, shi za a nema da ƙwallon.