Tambaya da Amsa: Wai akwai albasar da ke tsallaka teku da kanta?

TAMBAYA: Salam Malam, ni dalibar ABU ce a Samaru. Lakcaranmu ya ce wai akwai albasar daji a tsibirai da ruwan teku ke kaiwa wani tsibirin ta tsiro, da gaske ne? Kuma zata yi a fadamar babanmu a bakin Galma?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Lakcaranku bai yi karya ba. Sunanta a kimiyyance Allium commutatum, wani masanin tsirrai dan Italiya, Giovanni Gussone, shi ya rada mata sunan a 1855. Gidanta tsibirai da gabar Bahar Rum, tun daga Kosika da Sisili har tsibiran Girka, kan duwatsun da iskar gishiri ke duka dare da rana.

Sirrin yana kan albasar ne. Kin san albasar mu ta kasuwar Sabon Gari in lema ta taba buhu kwana kadan sai wari, to ita wannan gishiri baya kashe ta kuma bata nutsewa, in guguwa ta tono ta sai tayi ta yawo a saman ruwa har igiya ta jefa ta wani gaci ta kafa saiwa abinta, ikon Allah kenan. Ganyenta ba irin lawashin mu bane mai rami a ciki, shimfidadde ne kamar na tafarnuwa. Karan furen yakan kai mita 1, a samansa dunkulen kananan furanni masu ruwan hoda kamar kwallo, kafin ya bude yana nannade cikin wani kunshi mai dogon tsini, kuma lokacin da take fure ganyen ya riga ya fara bushewa.

Batun fadama kuwa, gaskiya ban baki shawara ba. Can da sanyi ake musu ruwan sama, lokacin zafinsu a bushe yake, mu nan Zariya kuwa lokacin sanyi ne babu ruwan sama. Baba ya rike irin da ya sani na noman rani.

Af, kada ki ji an ce albasar daji ki je ki tono albasar kwadi ko albasar kura ki jefa a miya, suna ne kawai suka ara, ba albasa bace kuma suna da guba.