Amsa: A nuna raunin 'yar mishan a cikin labari?

'Yar'uwa, kin tambaya ko nuna jarumarki 'yar mishan tana kuka da shakka zai rage mata bangaskiya a idon mai karatu. Ko kaɗan, ki nuna.

Dubi Johanna Veenstra, 'yar mishan Ba'amurkiya da ta zauna Lupwe kusa da Takum daga 1921, ta rasu a Vom 1933 bayan tiyata. Mai irin wannan zama, nesa da dangi, ai ba dutse ba ce. Na taɓa karanta wa zumuntar matanmu labari makamancin naki. Inda jarumar ke rawar ɗari kan tabarma, fitila ta kusa mutuwa, addu'a ta gagare ta, nan ɗakin ya yi tsit. Amma fa a naki labarin, matan garin da suka ɗebo wa jarumarki ruwa, suka koya mata yare, ki ba su suna da bakin magana.