Jan Ɗigon Leza Ko Saitin Ƙarfe? Amsa Ga Wani Mafarauci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni manomi ne, idan an gama kaka nakan taɓa farautar zabi da fakara da bindigata mai baki ɗaya, wadda nake da lasisinta. Ƙanena da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya turo mini bidiyon wata bindiga mai fitar da jan ɗigon haske, ya ce duk inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai faɗa. Na sayi 'yar tocilar leza a kasuwa, mai kama da biro. Ina so in kai wa maƙeri ya huda jikin bindigar ya ɗaura mini ita, ya kuma goge ɗan ƙullun ƙarfen nan na baki tunda ba zai ƙara amfani ba. Wani mai gyaran waya ya ce zai iya ƙara mata ƙarfi. Me ka gani? Daga mai karatu a Ningi, Jihar Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a noma. Kafin komai, kada ka kai bindigar nan maƙera. Bar ta yadda take, ka karanta dalilaina, sannan ka yanke hukunci.

Maganar ƙanenka tana da gaskiya, amma a tazara ɗaya tak. Haske miƙewa yake yi ɗoɗar, shi kuwa harsashi tun daga fitarsa bakin bindiga ƙasa take janyo shi. Wannan lissafi ne da na shekara ina koya wa yara a aji: abin da aka saki yakan faɗo kusan santimita 5 a kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, idan lokacin ya ninka sai faɗuwar ta kai kusan santimita 20. Gudun harsashi ba ya hana shi wannan faɗuwar. Bayan haka, ita lezar ba a cikin bututun bindigar take zaune ba, a ƙasa take ko a gefe. To hanyar haske da hanyar harsashi sai an sa sun haɗu a wani wuri da gangan, a ce a mita 20. Kusa da nan ko nesa da nan, ɗigo yana wani wuri, harsashi yana wani. Shi ya sa lezar da aka ƙera don bindiga take zuwa da ƙananan kusoshi biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Taka ta kasuwa ba ta da ko ɗaya. An yi ta ne don malami ya nuna rubutu a allo, kuma dukan da bindiga ke yi wa kafaɗarka idan ta tashi ya isa ya gusar da ita ko ya kashe ta tun harbin farko.

A ce ma ka samu ta gaske, mai tsada. Bindigarka ba ƙwaya ɗaya take jefawa ba, tarin 'ya'yan dalma take watsawa. Masu ƙera irinta suna auna watsuwar ne a cikin da'ira mai faɗin kusan santimita 76 daga nisan mita 37, ka ga ya fi faifai faɗi nesa ba kusa ba. Me ɗigo kamar ƙwayar gero zai ƙara maka a nan? Sannan zabo idan ya tashi ba jiranka yake yi ba. A ce yana keta gabanka da gudun mita 15 a daƙiƙa, yana nisan mita 30. Kafin dalma ta isa gare shi ya riga ya matsa fiye da mita ɗaya. Dole ka harba gabansa, inda zai je, kuma a can gaban nasa sarari ne fayau, babu abin da ɗigon zai sauka a kai balle ka gan shi. Ɗan ƙullun ƙarfen da kake son gogewa shi ne ke gaya wa idonka inda bakin bindiga yake yayin da kake bin tsuntsun. Ba ya cin batir, ruwa ba ya kashe shi, ƙura ba ta toshe shi.

Sai kuma rana. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta ƙayyade ƙarfin lezar nuni da ake sayar wa jama'a, kada ya wuce miliwat 5. A ɗaki ko da magariba ɗigon yana fitowa sarai. A filin Ningi da hantsi, kan busasshiyar ciyawa da jar ƙasa, da wuya ka hango shi bayan 'yan taku. Koren haske ya fi ja fitowa saboda idon ɗan Adam ya fi kama kore, sai dai ya fi shan batir, shi ma kuma rana tana rinjayarsa. Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar da abin ke koya wa mutum: sai ya daina kallon dabba ya koma neman ɗigo, kafin ya same shi fakara ta shige ƙaya.

Ba ina cewa leza aikin banza ba ce. Tana da wurinta, kuma waɗanda suka ɗora ta kan bindiga sun san abin da suke nema. Theodore Maiman ne ya fara haɗa leza mai aiki a 1960 a Kalifoniya. A 1979 wani kamfani na jihar, Laser Products, wanda daga baya ya koma SureFire, ya fara ɗora ta kan bindiga don 'yan sanda. A 1994 aka kafa Crimson Trace a jihar Oregon, wanda ya yi suna da saka ta cikin mariƙin ƙaramar bindiga, da an damƙe ta kunna. Kamfanonin biyu buƙata ɗaya suke biya: ƙaramar bindigar hannu, cikin gida ko lungu mai duhu, a tazarar 'yan mitoci, inda jami'i ba shi da sukunin ɗaga bindiga zuwa idonsa. Tana kuma taimakon dattijon da idonsa ya daina ganin na kusa. Ni kaina yanzu, da tabarau a fuskata, tsinken saiti na bakin bindiga yakan yi mini dishi-dishi, don haka na san wannan larurar. Jihar Texas ma ta yi doka a 2007 da ta ba mafarauta masu larurar gani damar amfani da leza tare da ɗan rakiya mai gani. Akwai wani amfanin da na fi yabawa: koyo. Idan bindiga babu harsashi, an duba an sake dubawa, ɗigon da ke rawa a bango yana nuna wa ɗalibi yadda hannunsa ke karkarwa da yadda yake fizgar kunama maimakon ya matsa ta a hankali.

Amma dubi gwanayen harbi na duniya. A gasar Olamfik, masu harbi da doguwar bindigar iska daga mita 10 ba su da leza, ba su da gilashin da ke kusanto da abu. Ɗan rami ne a baya da zobe a gaba, kuma tsakiyar abin da suke nema, mai maki goma, faɗinsa rabin milimita ne. Da ido da numfashi da natsuwar yatsa suke samunsa.

Batun ƙara ƙarfi kuwa, gaya wa mai gyaran wayar ya bari, don Allah. Ƙara ƙarfi ba ya daidaita saiti ko kaɗan, hatsarin makanta kawai yake ƙarawa. Ido yana tattara hasken leza ya mai da shi wuri guda a bayan ƙwayar ido, mai ƙarfi kuma tana ƙona wurin kafin mutum ya ƙifta, tabon kuma ba ya gogewa. Rubutun da ke jikin na kasuwa ma ba abin dogaro ba ne. A 2013 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada irin waɗannan tocilolin guda 122, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na koraye da kusan kashi 44 na jajaye sun saɓa ƙa'ida. Idan da yara a gidanka, kulle ta inda kake kulle harsashi. Kada kuma wani ya haska jirgin sama da ita. A Amurka tun 2012 wannan laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku shekara 5, domin yana ɗauke ganin matuƙi.

Huda bututu ko jikin bindiga ba aikin maƙerin garma ba ne, duk gwanintarsa. Ƙarfen an auna kaurinsa daidai da matsin albarushi, rami ɗaya a wurin da bai dace ba ko zafin walda yana raunana shi, kuma idan ya fashe, hannunka na hagu da fuskarka ne a kusa. Ga doka kuma. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ba ta bar gyaran bindiga ga kowa ba, sai wuraren gwamnati da waɗanda aka ba izini, kuma lasisin bindiga irin taka a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake. Duk wani canji da kake tunani, fara zuwa ofishin da ya ba ka takarda ka tambaya. Ko a ƙasashen waje ba ko'ina aka yarda ba: a Jamus haramun ne farar hula ya ɗora leza kan bindiga, jihohin Amurka da dama kuma sun hana farautar manyan dabbobi da ita.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, don na san leza da dare ta fi fitowa, kuma da dare za ta ja ka daji. Ɗigon yana sauka kan duk abin da ke gabanka, bai san gada ba, bai san ɗan Fulani mai neman ɓataccen maraƙi ba. Ganin ja a jikin wata inuwa yana sa zuciya ta ji kamar an tabbatar, alhali ba a tabbatar da komai ba. Duk yankin da ake farauta an san gidan da ya yi makoki saboda harbin inuwa. Abin da ba ka ga kansa da ƙafarsa ba, ka kuma san abin da ke bayansa, ba a ɗaga masa bindiga.

Kuɗin da za ka ba maƙeri, sayi kwalaye manya da su. Nemi wuri mai tudun ƙasa a baya, nesa da hanya da gari, ka kafa kwali a mita 20, wani a 30, wani a 40, ka harba kowanne da irin harsashin da kake farauta da shi. Ramukan za su nuna maka ko bindigarka tana ɗaukar sama ko gefe, da nisan da dalma ke yin sakayau har zabo ya tsere da rauni a jikinsa. Wannan nisan shi ne iyakarka. Idan ƙullun bakin ya dushe, ɗiga masa ɗan farin fenti.