Tambayi Masu Sana'a: Wane Injin Yanka Mai Karkarwa Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina ɗan taɓa aikin katako a gida ranakun hutu. Ina da ƙaramin injin nan mai karkarwa da ake rubuta wa multi-tool a kwali, mai wat 220. Kwana biyun nan yana ƙona katako, wuƙarsa tana kwancewa, hannuna kuma har mutuwa yake yi. Ina son wanda ya fi shi. Me zan duba? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kai kuɗinka kasuwa, fara sauya wuƙar. Wannan inji ba juyawa yake yi kamar giranda ba, kaɗawa yake yi hagu da dama, digiri 3 zuwa 4 kacal, sau 10,000 zuwa 20,000 a minti. In kaɗawar digiri 3.2 ce, bakin wuƙa mai tsawon santimita 9 bai fi milimita 5 yake tafiya ba. Haƙoran da ke ci su ne dai ke ta ci, garin katako kuma ba ya samun mafita. Da ka danna da ƙarfi sai zafi ya taru, katako ya yi baƙi, haƙora su dakushe. Sassauta hannu, ka riƙa karkata wuƙar gefe da gefe, kana ɗan zaro ta don garin ya zube.

Kwancewar wuƙa da mutuwar hannu kuwa, nan laifin injin ne, kuma nan ya kamata kuɗinka ya tafi.

Abu na farko shi ne mazaunin wuƙa. Tsofaffin injuna da kusa mai zare ake ɗaure su, a matse da alanki, karkarwa kuma tana warware ta a hankali. Sababbi maƙala gare su ta hannu. A 2016 kamfanonin Bosch da Fein na Jamus suka fito da tsarin Starlock, wanda wuƙa ke shiga cikin ƙoƙo mai siffar tauraro, ba ta girgiza ko kaɗan. Yana da kyau ƙwarai, amma da tarko: injin Starlock ba ya karɓar wuƙaƙen gama-gari masu arha, kuma shi kansa hawa uku ne, Starlock da StarlockPlus da StarlockMax, ƙaramin inji ba ya ɗaukar wuƙar babba. Saboda haka ka bi shagunan kayan gini ka ga wace wuƙa ce a rataye, sannan ka zaɓi injin da zai ɗauke ta. A ganinmu, mai aiki a gida a Sakkwato ya fi dacewa da injin da ke karɓar wuƙar gama-gari mai maƙalar hannu, don kada a riƙa jiran saƙo daga Kano ko Legas saboda wuƙa ɗaya.

Ƙarfi: wat 300 zuwa 350 ya wadatar, kuma ƙaramin janareta zai ja shi. Lallai ya kasance da abin rage gudu. Roba da bututun ruwa suna narkewa in gudu ya yi yawa, ƙarfe ma yana son gudu kaɗan. Ka sa a kunna maka shi a shago, ka riƙe na minti ɗaya. In yatsunka sun fara kaikayi tun bai taɓa katako ba, ajiye shi.

Hattara da na hannu daga Amurka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Karanta takardar da ke jikin injin, da ta jikin caja in mai batir ne. In 120 kaɗai aka rubuta, ba tare da taransifoma mai rage wuta ba hayaƙi zai tashi nan take.

Wuƙaƙe uku sun ishe ka farawa. Mai alamar HCS ta katako ce zalla, kusa ɗaya tana gama da ita. Mai alamar BIM tana yanka katako mai kusa. Mai bakin kabayid, wato wani sinadari mai tsananin tauri, ita ce ta sukuru mai tauri da kankare simintin tsakanin tayil. In za ka rage gindin firam ɗin ƙofa don tayil ya shige, kwantar da guntun tayil a ƙasa, ɗora wuƙar a kansa a shimfiɗe, ka yanka. Amma ƙofar ƙarfe irin ta yawancin gidajenmu, wannan aikin giranda ne.

TAMBAYA: Malam, ni mai batir nake so saboda ɗaukewar wuta. Zafin garin nan ba zai kashe batirin ba? Daga mai karatu a Runjin Sambo.

AMSA: Zai rage masa kwana in aka yi sakaci. Yawancin kamfanoni sun hana caji in zafi ya haura digiri 40, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu haka ranarmu take. Yi caji da dare ko bayan sallar asuba, ka bar batir ya huce rabin awa bayan aiki, kada ka bar shi cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano. In caja ta ƙi karɓa tana ƙifta fitila, sau da yawa zafi ne, ba lalacewa ba.

Lissafin kuma mai sauƙi ne. Batirin bolt 18 mai 2.0Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) yana riƙe wat-awa 36. Injin da ke jan wat 200 zai shanye shi cikin kamar minti goma na yanka ba tsayawa. Nemi 4.0Ah, ko ƙanana biyu. Rubutun 20V Max kada ya ruɗe ka, bolt 18 ɗin ne dai. In kana da injin huji mai batir, sayi na kamfaninsa ba tare da batir ba, su riƙa aro.

In aljihu ya yarda, ɗauki wanda ba ya amfani da kabon, wato guntayen nan biyu masu kama da gawayi da ke kai wuta cikin motar injin: bai cika zafi ba, batir ya fi jimawa. Mai kabon kuwa, ƙurar hunturu da garin katako suna taruwa a ramukan iskarsa. Hure su bayan kowane aiki, kuma da ka ga tartsatsi ya yawaita a ciki, sauya kabon ɗin duka biyu lokaci ɗaya.