Amsa ga mai tambaya kan "chui tou sang qi"

Ƙanena, ka ce da sakamakon HSK 4, jarrabawar harshen Sinanci mataki na huɗu, ya fito ba ka kai maki 180 da ake ci da shi ba, malamarku ta dube ka ta ce kada ka yi "chui tou sang qi", shi ne kake neman ma'anarsa da asalinsa. Wallahi tambayar nan ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Chui tou shi ne sunkuyar da kai, sang qi kuma rasa kuzari. Mutum ne gwiwarsa ta yi sanyi, yana tafiya kai a ƙasa. Daga alƙalamin Han Yu maganar ta fito, marubucin zamanin daular Tang ta ƙasar Sin. A 811 ya yi wani rubutu na raha a kan sallamar talauci. Ya sa aka haɗa amalanke da rassan itace, aka saƙa kwalekwale da ciyawa, aka zuba guzuri, wai zai raka aljanun talauci biyar da suka addabe shi: na basira, na ilimi, na rubutu, na rabo, da na abota. Aljanun suka bushe da dariya, suka tuna masa cewa lokacin da aka kore shi zuwa kudu kowa ya guje shi, su ne suka zauna da shi. Nan ya sunkuyar da kai jiki a sanyaye, ya ƙone amalanken da kwalekwalen, ya ba su mazaunin manyan baƙi.

Ni na abotar nan ne ya ci ni. Wani ɗan unguwarmu, wanda muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya, ya karɓi kuɗin gonar da mahaifina ya sayar, ya rantse ya samo min tallafin karatu cikakke a ƙasar Sin. Na sauka, ashe kuɗin makaranta kawai aka yafe min. Ga hunturu, ga kuɗin ɗaki, hannuwana duk sun tsattsage, shinkafa da gishiri nake kwana a kai. Ya toshe ni a manhajar hira ta WeChat. Daga baya na gan shi a masallacin Juma'a a Guangzhou, cikin shadda tana ƙyalli, har da miƙo min hannu yana tambayar ya karatu! Allah ya isa. Har gobe in na tuna murmushin nan sai na ji ƙirjina ya yi zafi.

Kai dai kada ka kulle kanka a ɗaki. Ka kira mahaifiyarka, ko ba za ka faɗa mata komai ba. Kuɗi kuwa, kada ka ba kowa sai ka ga takarda daga makarantar kanta, fasfo ma kada ya bar aljihunka. Han Yu ɗin ma sau uku yana faɗuwa jarrabawar gwamnati kafin ya ci a 792. Turo min makinka na ɓangaren sauraro mu ga inda ka zubar, ina da tsofaffin tambayoyi a waya.