Haɗa taskar kundayen bincike tsakanin makarantu

Malama, kin tambayi yadda ɗakunan karatun makarantu irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi da Jami'ar Tarayya ta Kashere za su tara kundayen bincikensu a taska ɗaya ta intanet ba tare da aikin ya watse ba.

Manhaja ba za ta ba ku wahala ba, domin DSpace, manhajar da ake gina irin wannan taska da ita, kyauta ce. A ganina, abin da ke durƙusar da irin wannan aiki shi ne rashin rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace wanda zai kula da babbar kwamfutar ajiya, da wanda zai biya kuɗin wuta da intanet, da kuma mai haƙƙin mallakar kowane kundi. Sannan ku amince da ginshiƙai 15 na Dublin Core, wato tsarin bai-ɗaya na rubuta bayanan kowane kundi kamar takensa da sunan marubucinsa, tun kafin a ɗauki hoton shafi ko ɗaya. Na taɓa ganin marubuci guda an shigar da sunansa Muhammad, Mohammed da Moh'd, sai da muka kwashe makonni muna gyarawa.

Idan wata makaranta ta ƙi sakin kundayenta, kada ku matsa mata. Ta riƙe taskarta, ku riƙa janyo bayanan kundayen ta hanyar OAI-PMH, wato ƙa'idar da ke ba taskoki damar musayar irin waɗannan bayanai ta intanet.