Daga ina zan fara karanta falsafar wanzuwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi littafin da sabon shiga zai fara da shi a falsafar wanzuwa (existentialism), wato falsafar da ke nazarin 'yancin mutum na yin zaɓi da nauyin da zaɓin ke ɗora masa. Shawarata, kada ka tunkari L'Être et le Néant na Sartre, masanin falsafa ɗan Faransa (1943), tukuna. Ya haura shafi 700, kuma zai sa ka yi watsi da fannin gaba ɗaya.

Fara da laccar da Sartre ya gabatar a Faris a 1945, wadda aka buga a 1946 da sunan L'existentialisme est un humanisme. A zama ɗaya za ka gama ta. A ciki ya kawo labarin ɗalibinsa da ya rasa tudun dafawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: ya zauna da mahaifiyarsa da ba ta da kowa sai shi, ko ya tafi Ingila ya shiga sojojin 'yantar da Faransa? Sartre ya ce masa zaɓin nasa ne, babu ƙa'idar da za ta ɗauke masa nauyin. Ka daɗe a wannan misalin, don nan ne zuciyar maganar.

Sai L'Étranger (1942), littafin ƙagaggen labari na marubucin Faransa Camus, ko da yake shi kansa ya ƙi a kira shi ɗan wannan mazhaba.

Kuma kada ka ɗauka duk masu wannan falsafa marasa addini ne. Kierkegaard ɗan Denmark Kirista ne mai ƙarfin imani, kuma littafinsa na 1843 kan tsoro da makyarkyata yana nazarin umarnin da aka ba Annabi Ibrahim na yanka ɗansa. Ruwayar Baibul ya bi, shi ya sa za ka ga Ishaƙu a wurin.